Bangon da Aka Toshe wa Numfashi

Ku ajiye abin da ke hannunku ku ara min kunnuwanku, yau ba tatsuniya zan yi ba.

Ɗazu maƙwabta suka buɗe galan ɗin fenti. Warin ya tsallako katanga ya same ni a kan tabarma, sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi abin.

Mahaifina mai fenti ne, gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa yake shafawa. Amma ɗakin mahaifiyata da ke Tudun Wadan Minna, ɗakin laka, bai taɓa kai masa fenti ba. In damina ta ɗauke, sai ya jiƙa farar ƙasa a rabin duro ta kwana uku, ya zuba gishiri da ɗan bula, ya daddake bakin kaba ya yi laushi, shi ne burushinsa. Ranar shafe, gidan nan ƙamshin ruwan fari yake yi. Ina yarinya ya ce da ni, "Bangon ƙasa mai rai ne. Yana sha da damina, yana fitarwa da rani. Kowane bango da abin da yake ci."

A ɗakin aka haife ni, kuma nan na dawo bayan rasuwar maigidana.

To, shekarar da wayar hannu ta fara shiga aljihun kowa, babban ɗana ya sami ƙarin girma a wurin aiki, ya ce zai gyara gida. Sai ga shi da mai fenti, da galan huɗu na fenti mai mai, kore shar mai ƙyalli, da rola mai dogon sanda. A tsakiyar damina fa! Daminar Minna!

Na ce, "Wannan na ƙofar ƙarfe ne da taga. Ka nemo min farar ƙasa, ka bari ruwa ya ɗauke."

Ya ce, "Haba Inna, abokan aikina su zo gaisuwa su tarar da uwata a ɗaki kamar rumbu?"

Mai fentin ya washe baki. "Mama, wannan ɗan waje ne, ko ɗigon ruwa ba ya shiga."

Na ce, "To wanda ke ciki ta ina zai fita?"

Suka juya suka fita. Da kunnena na ji ɗana a zaure yana ce wa mai fentin, "Yi haƙuri da ita, ba ta yi boko ba." Ni! 'Yar mai fenti, wadda ta san nauyin burushi tun uban mai rolar nan bai yi kaciya ba! Suka shafe ɗakin ciki da waje, har sau biyu.

Ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Sati uku yana sheƙi. Daga nan fentin ya soma ƙuraje, ƙurajen suka zama ƙulli. Na danna da yatsa, ruwa ya tsarto, lakar ciki ta koma kamar kunu. Na nuna wa ɗana, ya ce bari ya dawo daga tafiya.

Wata Laraba bayan la'asar, ana ruwa tun safe, maƙwabciyata, mutuniyar kudancin Kaduna, ta hango tsaga a bangon daga waje. Ta faɗo ɗakin ko sallama babu. "Mama, fito! Bango yana zuwa!" Ta fizgo ni, carbina a hannu, ƙafata ba takalmi. Ba mu kai bakin rijiya ba ɗakin ya durƙusa. Gadon ƙarfen mahaifiyata, da tulunta, da duk inda hannun mahaifina ya taɓa shafawa, suka kwanta ƙarƙashin laka mai koren ɓawo.

Mai fentin yanzu ɗan kwangila ne, da motarsa. Maƙwabciyata ta koma garinsu da mijinta ya yi ritaya, duk shekara tana aiko min da citta, Allah ya saka mata. Ɗana ya gina min ɗakin bulo, ya kawo takarda mai launi-launi wai in zaɓi fenti. Na ce ya tambayi waɗanda suka yi boko. Har yau ɗakin siminti ne tsirara. Ɗan nawa ya yi furfura, kullum yana zuwa gaishe ni, bai taɓa cewa "Inna, kin faɗa" ba.

Rabin duron mahaifina kuwa yana nan bayan gida. Kaji ke shan ruwa a ciki.