Kwamfutar da ba ta da noti ko ɗaya

A shekarun da gangar man fetur ke tsada, albashi na shigowa a kan kari, kowa na sake rufin gidansa da kwano, ni malamin gona ne a Faskari, matashi mai iyali da sabon babur. Ba zamanin arzikin mai na iyayenmu nake nufi ba, na baya-bayan nan, lokacin da waya ta shiga aljihun kowa. Hali ɗaya aka san ni da shi, bin ƙwaƙƙwafi. Tun ina ƙarami ba a ba ni abu in bar shi a rufe. Na kwance tocila, na kwance agogon bango, na kwance injin feshin ofis don kawai in ga abin da ke tura ruwan. Wasu na mayar da su daidai, wasu kuwa har yau ba su dawo hayyacinsu ba. Na rubuto muku ne don in faɗi abin da wannan hali ya jawo mini, da kuma ƙaryar da na ɗora a kai, wadda ita ce ta fi ci mini rai.

A lokacin an fara cewa a riƙa buga rahoton gonaki a kwamfuta, sai na ƙudura sayen laftof ta hannu. Akwai wani mutumin Sabuwa da ke sayo su daga Legas, ya ba ni guda biyu in je a duba mini. Na ɗaure su a bayan babur sai Kankara, wurin wani dattijo mai gyara, wanda ya fara da rediyo tun ban san hannun damana ba, daga baya ya koma waya da kwamfuta. Ta farko baƙa ce, mai kauri, nauyi kamar bulo, ga ƙarzuwa a murfin, ga harafi ɗaya ya fita, fankarta na gurnani. Malam ya kife ta, ya kwance noti huɗu, sai ga cikinta a fili. Ya zaro wani abu mai faɗin tafin hannu ya ce wannan ne rumbunta, inda take ajiye duk abin da aka zuba mata, ko ta mutu ana cire shi a sa a wata. Ya danna da babban yatsa batirin ya fito. Ya ce kayan irin wannan ko a Funtua ana samu, ba sai an je Kano ba.

Ta biyun kuwa, ai sai wanda ya gani! Fara ce sol, siririya kamar littafin rubutu, allonta na cirewa ka riƙe shi a hannu kana taɓawa da yatsa. Malam ya gyara tabarau, ya juya ta gaba, ya juya ta baya, yana neman noti, babu ko ɗaya. Ya ce da gam aka manne ta, batirin na ciki, rumbun kuma an like shi da dalma a jikin allon cikinta, don haka ranar da ta mutu da abin cikinta za ta tafi. Bai ce ba ta da kyau ba. Ya ce tana iya shekaru ba ta yi ko tari ba, amma in tambayi kaina wa zai duba ta ranar da ta kwanta, domin shi dai ba shi da kayan buɗe ta. Ni kuwa maimakon in saurara sai na rufe shi da tambayoyi. Yaya ba ta da fanka kuma ba ta zafi? Ta ina iska ke shiga? Yaya gilashi ke gane yatsa? Ya amsa biyu, ya ce sauran sai in tambayi waɗanda suka ƙera ta. Gaskiyar magana, ban saye ta don ta fi ƙarko ba, ban ma saye ta don a gan ni da ita ba. Na saye ta ne don ban gane yadda take ba, abin da ban gane ba kuwa ba ya barina in sakata.

A nan sai na yi muku bayanin Baba. Ni ne ɗansa na fari, kuma a gidanmu na Tafoki kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana son aikena sai ya ce da Inna a gaya wa wancan kaza, ina tsaye a gabansa. Inna ma haka, ko fiye. Ƙannena su zauna su yi ta hira da shi har da dariya, ni kuwa in gaishe shi ya amsa yana kallon wani wuri. Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba, haka na ga ana yi, amma na girma ina son sanin wane ne mutumin nan da kuma abin da yake gani game da ni. Abin da na sani kawai shi ne a ƙuruciyarsa ya yi fataucin shanu zuwa Kudu da ƙafa.

Wata Juma'a bayan masallaci na je gaishe su da kwamfutar a jaka. Baba na zaune a kan buzu yana faɗan awakin maƙwabta, sai na danna wurin ɗaukar murya ba tare da ya sani ba, da ya gama na kunna. Ya waiga, ya tambayi Inna wane tsoho ne wannan mai masifa. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. Daga nan fa abin ya kama shi, ashe bin ƙwaƙƙwafin nan gado na yi. Ya riƙa jefa tambayoyi a iska, ko abin nan yana gajiya da ji, ko yana mantuwa, ko in aka yi masa Fulatanci zai riƙe. Ni kuma in amsa ina kallon ƙasa. Mako na zagayowa ya ce da Inna a gaya wa wancan ya ajiye abin a gabansa. Ya gyara zama, ya yi bisimilla, ya fara ba ta labari kamar baƙuwar da ta zo daga nesa. Ya gaya mata yadda ake haye babban kogi da garke, da shekarar da suka ci ganye har damina ta faɗi, da yadda ya fara ganin Inna a bakin rijiya tana zagin wani bajimin sa da ya fasa mata tulu. Ni ina gefe ina yi kamar kaji nake ƙirgawa. A wata uku na san mahaifina fiye da yadda na san shi a shekara talatin, kuma duk ba da ni yake magana ba.

Malam mai gyara ya sha gaya mini in riƙa kwashe abin da ke ciki a filash, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta. Kullum in ce to, kullum in ce sai mako mai zuwa.

Ranar Juma'ar da ba zan manta ba, Baba ya ce da Inna a gaya wa wancan ya kunna abin ya bar shi, ya je ya duba masarar fadama, an ce tsutsa ta shiga. Babu wata tsutsa, ni na duba gonar kwana biyu da suka wuce. Na dai gane ana so in ba da wuri. Na fi awa guda ina zagaye a gona. Da na dawo na tarar da Inna a bakin madafa idanunta jajir, ta ce hayaƙi ne, alhali ko wuta ba ta hura ba. Baba ya turo kwamfutar da yatsa, ya ce mai abin in ya koma gida ya saurara.

Ban saurara ba. Wallahi ni da ba na iya barin tocila a rufe, na kasa danna abu ɗaya. Kunya ce ko tsoro, ban sani ba, na dai ce sai na sami lokacin da ba kowa a gida. Asabar muka wuni wurin ɗaurin aure, na bar ta wurin mai cajin waya a janareta domin unguwarmu ba wuta. Lahadi da safe na danna, shiru. Na sake dannawa, shiru. Da na duba gefenta sai na ga allon ya ɗago a kusurwa ɗaya kamar burodi ya tashi. Na garzaya Kankara. Malam ya ce batirin ne ya kumbura, kuma da alama rumbun lafiyarsa lau. Ya ce akwai wani a Kano mai na'urar da ke narka gam a hankali, shi kuma zai shiga Kano bayan mako biyu, in bar masa ita. Ya ja kunnena sau biyu kada in kuskura in sa mata ƙarfe. Na ce zan ajiye ta a gida har ranar tafiyar.

To, ga kafa ta buɗe. Wata da watanni ina son ganin cikin abin nan, yau ga shi ya buɗe baki da kansa. Kwana uku ina haska tocila ta kafar, ina hango wani abu mai sheƙi da wasu 'yan wayoyi sirara. Na riƙa gaya wa kaina cewa in na ɗaga allon kaɗan na cire batirin, sai in jona ta da caja kai tsaye in ji maganar Baba a ranar, ba sai bayan mako biyu ba. Rabin wannan gaskiya ne, rabi kuwa son ganin ƙwaƙwaf ne kawai. Ranar Laraba da azahar maiɗakina ta tafi barka, na ɗauko siririyar wuƙarta ta yankan kuɓewa na zura. Gam ɗin ya fara saki, na ji daɗi, na ƙara turawa. Sai na ji fuuu, wani wari mai zaƙi-zaƙi ya bugi hancina, hayaƙi fari ya turnuƙe, wuta ta biyo baya. Na shure ta tsakar gida na watsa mata ƙasa ina salati.

Da na kai ta Kankara, Malam bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya share tokar da burushi, ya nuna mini wani ɗan baƙin abu da bai fi farcen ɗan yatsa ba, ya tsage biyu. Ya ce rumbun ke nan. Ku ji halin mutum, a wannan yanayin ma sai da na tambaye shi yadda ɗan wannan abu ke ɗaukar maganar wata uku. Ya cire tabarau ya dube ni kawai.

Juma'a na je Tafoki hannu rabbana. Bayan gaisuwa Baba ya tambayi Inna ko mai abin ya saurara. Ina durƙushe, ga amsa ta gaskiya a bakina, amma na tuna wuƙar kuɓewa, na ga ba zan iya gaya wa mutumin nan cewa na ƙona maganarsa da wasan yara ba. Sai na ce na ji, na ji duka, na gode, Allah ya ƙara girma. Baba ya daɗe yana gyaɗa kai. Ya ce alhamdu lillahi, shi ke nan, ya sauke. A ranar na ga ya ci tuwo da yawa, har ya tsokani Inna. Ni kuwa na koma gida ina lallashin kaina cewa zan sayi wata in san dabarar da zai maimaita.

Na sayi wata kwamfutar, baƙa mai kauri irin wadda na raina. Na kai ta na ajiye a gabansa. Ya leƙa ta, ya ce wannan ba waccan ba ce, kuma shi ya gama magana, abin da ke cikinsa ya riga ya ba mai shi. Na sake kaiwa sau biyu, bai ko kalle ta ba. Sau nawa na shirya in faɗi gaskiya, in na ga yadda hankalinsa ya kwanta sai in fasa. Bayan an kai amfanin gona gida zazzaɓi na kwana huɗu ya ɗauke shi. Allah ya jiƙansa, ya tafi yana ganin ɗansa ya ji.

Sai bayan sadakar arba'in na gaya wa Inna komai. Ta ce ita ta ji duk abin da ya faɗa daga madafa. Na roƙe ta, har da hawaye, babba da ni. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ba magana ba ce da za ta iya fitowa daga bakinta zuwa kunnena, shi ya sami hanyarsa, ita ba ta da ita. Na ce to ta gaya wa kwamfuta in fita, ta ce ba ta hira da ƙarfe. Abu ɗaya na samu, shi ma maiɗakina Inna ta gaya wa, ba ni ba, cewa a ranar Baba ya kira sunana, na yanka, ba sau ɗaya ba. Abin da ya biyo bayan sunan, Inna kaɗai ta sani. Tana nan da ranta, duk Juma'a ina zuwa, ta tambayi lafiyar yara tana kallon wani wuri, in dawo.

Baƙar kwamfutar ta yi mini shekaru. Sau uku tana lalacewa, sau uku Malam na tashinta kafin in gama shan shayi a wurin maƙwabcinsa, ba ta taɓa ɓatar mini da ko layi ɗaya na rahoton taki ba. Don haka mai shirin sayen ta hannu, kafin ka biya ka kai wa mai gyaran garinku, ka ga ya buɗe ta a gabanka. In ya juya ya juya bai ga ta inda zai shiga ba, ka mayar wa mai ita komai kyanta. Abin da ka zuba a ciki mai daraja ka kwashe shi wuri biyu a ranar, kuma in masani ya ce kada ka taɓa, ka zauna a kan hannunka. Amma duk wannan mai sauƙi ne. Magana ɗaya ce kawai kwamfutar da wuƙar suka cinye, mai maganar yana nan da ransa, da na ce ban ji ba da ya san yadda zai sake faɗa. Ni na rufe wannan ƙofa da bakina. In tsohonka ya tambaye ka ko ka ji, alhali ba ka ji ba, don girman Allah ka daure wa kunyar minti ɗaya ka ce ba ka ji ba.