Jan Biro a Layin Wankin Ƙoda

A bencin masu jiran wankin ƙoda, a wani asibiti a Garwa ta Kamaru, na ga wata mata tana zaune da tulin littattafan ɗalibai a cinyarta. Ba za ta wuce shekara arba'in ba, amma fuskarta a kumbure take, ƙafafunta sun fi ƙarfin takalmin, sai take bayansa take yi. A hannunta na hagu jijiya ta tashi kamar igiya, wurin da ake soka allura. Na dama yana riƙe da jan biro.

Kowane shafi zanen jikin mutum ne: zuciya, huhu, ƙoda biyu, da layukan da ke nuna hanyar jini. Ina jin malamar kimiyya ce a wata lise, wato makarantar sakandare. Duk inda ɗalibi ya manta haɗa ƙoda da zuciya, ita take ja masa layin, tana ɗan tsaki.

Tsohuwar da ke gefenta ta leƙo. "'Yar nan, a nan ma aiki?"

"Saura babi biyu mu gama jikin mutum, Inna. So nake ni in ƙarasa musu."

Sai ta iso wani shafi ta tsaya. Daga inda nake ina iya karanta Faransancin: idan ƙoda ɗaya ta gaza, ɗayar takan ɗauki aikin duka. Ta daɗe tana kallon rubutun nan. Nata biyun, da alama, tare suka ajiye aiki.

Ta ba amsar cikakken maki. Nas ta leƙo ta kira, "Madam Mardiya!" Ta sa biron a tsakiyar littafin don kada shafin ya ɓace mata, ta dafa bango ta miƙe.