Ƙyaranar da Aka Cire

Da ƙaramar taraktar maigidana ya ɗauko, da ƙasar nan ta riƙe shi? Na tambayi malamai, na tambayi direbobi, na tambayi kaina har na tsufa. Malamai suka ce kwana ne ya ƙare, kuma na yarda. Direbobi kuwa kowa sai ya sunkuyar da kai. Ni ban yi karatu ba, jikata ce ke rubuta wannan. Na ce mata ta sa shi yadda na faɗa, in kuka ya zo min ta jira ni.

A Jos Jarawa muke zaune, a shekarun da gwamnatin soja ke ta kiran kowa ya koma gona, rediyo ba ta da zance sai noma. Maigidana direba ne. Ya daɗe yana jan lodin kabeji da dankali daga Farin Gada zuwa kudu, har bayansa ya fara ciwo. Kafin nan ya koyi tuƙa manyan injuna a wurin masu haƙar kuza. Ni Malam nake ce masa. Shi kuma tun da na haifi tagwaye bai ƙara kiran sunana ba, sai Uwar biyu.

Ya sami fili a bayan duwatsu, tsohon wurin kuza ne da aka daɗe da bari. Wanda bai zauna Jos ba bai san loto ba. Rami ne kamar rijiya, mutum ya sauka, ya bi kuza ta ƙarƙashi yana rarake ƙasa hagu da dama. In kuza ta ƙare sai a shimfiɗa itace a bakin ramin, a zuba ƙasa, a tafi. Sama ciyawa ta yi kore, ƙasa kuwa kogo ne. Uwata ta wanke kuza da hannunta, uban Malam ya sauka loto. Duk mun san wannan. Amma filin shimfiɗe yake, shanu na kiwo a kai shekara da shekaru.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ƙyarana. Tana nan tsibi-tsibi a tsakiyar filin. A wajenmu ƙyarana shinge ce, kowa da ita yake kewaye gonarsa, sai ya ɗauka ragowar shingen wasu ne da suka tashi. Masara yake so ya shuka da injin shuka, wanda tarakta ke ɗauka a baya yana zuba iri da taki layi-layi, shi kuma injin ba ya son kwana-kwana. Da rani ya sa aka sare ƙyaranar duka, aka tone saiwarta. Ya yi hayar ƙaramar tarakta ja, ya kafce filin tun ƙasa na bushe, babu abin da ya faru.

Ni ba matar kulle ba ce, nakan kai masa abinci gona. Wata rana na iske wata tsohuwa tsaye a bakin filin, 'yar asalin wurin, mai gonar acca a maƙwabtanmu. Na gaishe ta, sai ta nuna filin.

"Wane ne ya cire ƙyarana a nan?" ta ce.

"Maigidana ne, Mama."

"Ba shinge ba ne, 'yata. Mijina da 'yan'uwansa ne ya sa. Inda an rufe rami, a sa ƙyarana a kai, don saniya kar ya hau."

Na ajiye kwanon. Na ce ta nuna min wuraren. Ta daɗe tana kallon filin, jan ƙasa a baje daga nan har gindin dutse.

"Yanzu duka ya zama ɗaya," ta ce.

Da na faɗa wa Malam bai yi dariya ba, kuma bai yi min faɗa ba. Washegari ya ɗauki sandar ƙarfe, ya bi filin yana dukan ƙasa yana kasa kunne. Ya sami wasu wurare da suka amsa kamar ganga, ya tara duwatsu a kai. Na tambaye shi ko yawan tsibin ƙyaranar da ya cire ke nan. Ya ce yana jin sun fi haka, amma wa ya ƙirga?

Sai damina ta kankama, aka zo maganar tarakta. Mai ba da hayar tsohon abokinsa ne tun zamanin lodi, Malam na ce masa oga don tsokana. Ya zo gida, suka zauna a zaure, na kai musu kunu na tsaya a bayan ƙofa. Ashe sun riga sun gwada injin shukar a bayan ƙaramar. Da aka cika shi da iri da taki aka ɗaga, sai gabanta ya tashi sama, ƙafafun gaba suka bar ƙasa.

"Akuya ka ɗora wa kayan raƙumi," in ji ogan. "Ka ɗauki babbar shuɗiyar nan, yini guda ka gama."

"Nauyinta fa, oga?"

"Nauyin ai shi ne amfaninta. Kai da ka sauko da lodi ta gangaren dutsen nan ba birki, yau kake tsoron fili?"

"Da birki. Kai ne ka rufe ido ba ka gani ba."

Suka yi dariya. Sai Malam ya faɗa masa zancen loto, dariyar ta tsaya. Suka shiga lissafi a hankali. In ƙaramar ce, sai a rage kaya a injin, a ɗaura mata nauyi a gaba, a yi ta kai da kawowa. Ba ta da nauyi, amma tayoyinta sirara ne, suna nutsewa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma za ta daɗe a kan filin. Babbar ta fi ta nauyi nesa ba kusa ba, sai dai tayoyinta masu faɗi ne, kuma sau ɗaya za ta taka kowane wuri ta wuce. Ogan ya ce shi bai san wadda ƙasa mai kogo ta fi haƙuri da ita ba. Ƙaramar ma akwai masu jira a gabanmu, masara kuwa in ta makara ba ta yafewa.

Da baƙon ya tafi na ce, "Malam, mu shuka da hannu mana."

"Filin nan da hannu? Sai damina ta ƙare muna sunkuye."

"To a bar shi bana."

Ya shafa bayansa, wurin da ke masa ciwo. "In koma kan titi ke nan."

Ya zaɓi babbar.

Kwanakin nan ruwa bai ɗauke ba. Ranar da na je gonar ta ƙarshe na ga ruwa kwance a ko'ina, sai wuri ɗaya da ya tsotse tas, ƙasar ta ɗan lotsa kamar tsakiyar faranti. Na nuna masa, ya ɗora dutse a nan ma. Injin kuwa aka kai shi bakin gona aka rufe da tamfal, yana jira.

Ranar da sama ta washe ya tafi. Wajen azahar ina tuƙa tuwo sai ga tsohuwar nan a tsakar gidana, ƙafafunta duk jan taɓo. Ba ta taɓa zuwa gidanmu ba, ban san wa ya nuna mata ba. Ba ta yi sallama ba. Ta karɓi muciyar daga hannuna ta ajiye.

Ba inda ya tara duwatsu ba ne. Ya kauce musu duka, layukansa sun nuna. A tsakiyar fili ne, wurin da ya doka da sanda bai ji komai ba. Ƙasa ta buɗe, taraktar ta shige da kai ta kife a kansa. Waɗanda suka fara isa sun ce injin shukar ne kawai ya rage a sama, iri yana ta zuba cikin ramin. Sai bayan la'asar aka ciro shi. Allah ya jiƙan Malam.

Masarar ta fito a shekarar, layi miƙaƙƙe kamar an ja da zare, ta tafi ta tafi har bakin ramin ta tsaya. Ban iya cin ko zangarniya ɗaya ba. Tsohuwar ta sake dasa ƙyarana a wurin.

Har yau abin da nake juyawa shi ne safiyar ranar. Kullum shi ke ce min in kawo abinci da wuri. Ran nan ya sa takalminsa na roba, ya shafa kan tagwaye, ya kai bakin zaure, sai ya dawo. Na zaci hula ya manta. Ya tsaya yana kallona ina wanke tukunya.

"Uwar biyu," ya ce, "kada ki taka gonar nan yau, ƙasar ta sha ruwa. Ki rufe min tuwona, zan zo in ci a gida."