Filafilin da Ka Ƙi Ragewa, Rabudin

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Rajab, kogin Alas ya ɗauke mana Rabudin Selian, matuƙin kwalekwale, abokina tun muna yawo ba wando. An ce in rubuta ta'aziyya. Zan rubuta, amma ka sani, Rabudin, da fushi nake riƙe da alƙalamin nan.

Alherinka ba ya ɓuya. Shekarar da ambaliya ta cinye hanyar zuwa garin Kutacane, kai ka sauko da matar ƙanena tana naƙuda, ta cikin gangaren da ruwa ke tafasa tsakanin duwatsu, kana ba ta labarin biri don kada ta dubi ruwan. Ko kofi ba ka yarda an saya maka ba. Rabin filafilan ƙauyen nan kai ka sassaƙa su. Sai ka tsai da mutum ba takalmi, ka kafa icen a ƙasa, ka yanke daidai haɓarsa. "Dogon filafili na tafki ne," kake cewa. "A gangare, kafin ka ɗago shi dutse ya riga ya gaishe ka."

To, kai fa? Bayanka ya ranƙwafa, kafaɗa ta daina ɗaguwa, filafilin samartaka ya kai maka goshi. Kowa ya san yadda muke yi: tsoho yakan rage nasa, ranar da ya rage kuwa sai ya bar mazaunin baya inda ake juya jirgi, ya koma tsakiya wurin buhunan koko. Na same ka a rumfar kofi na ce, "Ɗan'uwa, kawo in cire maka taƙi guda."

Ka ce, "Je ka rage gemunka, tsohon banza. Ni buhun koko ne?"

Rumfa ta kwashe da dariya. Matuƙan da ke wurin suka ce maka, "Kawu, rabu da shi, hassada ce! Kai ne damisar gangare." Su ne yau suka fi kowa kuka.

Ranar nan jirgi ya karkata, ka caka filafili, kafaɗa ta ƙi ɗago shi da wuri. Bakinsa ya maƙale a tsagar dutse, ƙotar ta doke ka a ƙirji ta jefa ka ruwa. Ajali ne, na yarda. Amma da ƙafarka ka je ka tarye shi.

Ban gama haɗiye wannan ba sai ga wata. Masu zugar nan suka tsamo filafilin, suka damƙa wa ɗanka Kasirin, magidancin da ko kafaɗarka bai kai ba, suka ce gado ne, kada zarto ya taɓa shi. Shi kuma ya rantse cewa da shi zai sauka gangare ranar kasuwa.

Matarka Nurbaiti ta aiko in zo. Ta ce, "Yaya, na ba kogin nan miji. Ɗan ma zan ba shi?" Ta nuna mini a jikin ƙofa inda haɓar ɗanta ke tsayawa. Ita ta riƙe filafilin, ni na yanka, na sake sassaƙa ƙotar.

Kasirin ya shigo ya tarar, ya ce, "Kawu, ka ci mutuncin mamaci."

Na ce, "Mamacin ya saba da ni. Tsaya a gwada."

Bai tsaya ba. Da guntun dai ya sauka kasuwa, ya kuma dawo, ya wuce ni a bakin ruwa ko gaisuwa babu. Ya yi ta wucewa. Gwamma haka da in sake wanke gawar wani daga gidanka.

Allah ya jiƙanka, Rabudin, ya yafe maka taurin kanka, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya ba Nurbaiti da dangi haƙurin rashinka. Kasirin kuwa, Allah ya ja kwanansa har ya ranƙwafa, ya kuma ba shi zuciyar miƙa nasa a rage. Amin.