Naomi Mai Garin Gurjiya

Rana ba ta fitowa ta tarar da Naomi a gida. 'Yar Gbagyi ce, kayanta a kafaɗa take ɗauka, ba a ka ba. Ta soya gurjiya cikin yashi mai zafi, ta sheƙe, ta kai injin Badamasi a Nyanya, ta tsaya a kansa kada ragowar niƙan wani ya shiga nata.

"Haba Mama, ai na wanke injin."

"Sake wankewa. Jarirai za su sha, ba kai ba."

Tun ana haƙa harsashin birnin nan na Abuja, da garinta matan leburori ke dama wa yaran da suka yaye kunu, don nama sai dai kallo. Hasana matar birkila tana nan. A tambaye ta yadda ɗanta ya rame har wuya ya kasa riƙe kai, da abin da ya tashe shi.

Shekarar da gwamnati ta kwaso daga Legas, masu awo suka kafa turaku a gonar Naomi. Titi zai bi. Ba a ga hawayenta ba. Damuwarta iri ne, jar gurjiyar da ta gada wurin uwarta. Iri kuwa in ya daɗe bai ga ƙasa ba, ya mutu.

Badamasi ya ce, "Kawo in niƙe miki duka, ki huta."

"In ka niƙe, baɗi ƙasa yaran za su sha?"

Sai ta kafa doka. Duk mai son gari, sai ta karɓi tafin hannu na iri ta shuka a bayan ɗakinta. Alice, matar wani akawu da aka yo wa canji daga Legas, ta ce ita ba noma ya kawo ta Abuja ba. Naomi ta ɗaure bakin buhu. Da jaririn Alice ya ƙi cin komai, sai ta dawo da aron fartanya.

Naomi, ke ce kika ciyar da 'ya'yan waɗanda suka zuba kwalta a gonarki, ba ki taɓa yi musu gori ba. Yanzu kafaɗa ta gaji, kin ajiye kaya. Mun gode, Allah ya saka.

Mai son koyi da ita, ba sai ya je nesa ba. Ya zagaya bayan ɗakunan Nyanya da damina. Jar gurjiya tana nan. Ya roƙi tafin hannu, ya shuka.