Tumatirin Bayan Gidanmu

Shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta, ina koyarwa a wata firamare a Kafanchan, maigidana kuma yana aikin jirgin ƙasa. A ƙarshen ranin shekarar surukata ta zo daga ƙauyensu kusa da Zangon Kataf don jinyar ƙafa, ta zauna da mu. Shekara uku da aurena, ba ta taɓa kirana da komai ba sai Malama, kuma yadda take jan kalmar ka san ba yabo ba ne. A wurinta macen da ba ta iya fitar da abinci daga ƙasa ba, ba ta cika mace ba. Abin yana cina, na kuwa ƙudura sai na nuna mata.

Na haƙa ramin taki a bayan gida kamar yadda aka koya mana a kwalejin malamai: ciyawa, toka, ɓawon doya, kashin kaji, bi da bi. Ruwan farko na sauka, sai ga tsirrai sun rufe bakin ramin, kore shar, alhali ban shuka komai ba.

Kowace safiya kafin in tafi makaranta sai in durƙusa a kansu. Da fari duk kamarsu ɗaya, ganye biyu biyu. Kabewa ce ta fara tona kanta, da ganyenta mai kauri da faɗi, kuma na san na zubar da cikin kabewa a wurin. Sauran ne suka gagare ni. Na ɗauko littafina na kwaleji na gwada zane da ganye, ban samu komai ba. Na tona saiwarsu da yatsa. Na murza ganye na shinshina. Har na tsinki ɗaya mai gashi-gashi na ɗora a harshe, ni mai ilimi, wai ina bincike.

Mama, surukar tawa, tana zaune a kan turmi tana cin yalo tana kallona.

"Malama, wannan tumatir ne, wancan kuma yalo," ta ce. "Ka bar wahala."

Haka take magana, mace da namiji duk "ka" ne a bakinta. Na ce mata ba zai yiwu ba. Tumatirina a dutse nake niƙe shi har 'ya'yan, yalo kuwa ban taɓa sayen sa ba. Ta ɗaga kafaɗa ta ci gaba da tauna.

Bayan mako biyu ganye ya tsage, ƙanshin tumatir ya fito, babu sauran musu. Na cire su na dasa a kunya, na kafa musu sanda, na yi ta ɗawainiya da su kamar jarirai. Ban taɓa ganin tumatir irin wannan ba, manya, jajaye, har reshe yana karyewa. Matan zumuntar cocinmu sukan biyo bayan sujada su tsaya suna yabawa, ni kuma ina ta fasa kai.

Ranar da na cika kwando na farko, na yanka ɗaya na barbaɗa gishiri ina ci a tsaye. Na ce, "Mama, har yanzu ban gane inda irin nan ya fito ba."

Ta dube ni kamar na tambayi inda rana take fitowa.

"Daga cikina mana. Wannan bokiti naku na birni, ni ba zan iya ba. Mutum ya zauna a kan na wani? Tun da ka haƙa ramin takin nan, can nake zuwa da sassafe, in rufe da toka."

Gidajenmu a lokacin bayan gidan bokiti gare su. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa ban taɓa cin karo da ita a ƙofarsa ba. Nan take komai ya dawo mini: ɗanyen tumatirin da take ci kamar goro, yalonta, yatsana a cikin ƙasar nan, ganyen da na ɗora a harshe. Na ruga bayan ɗaki na amayar da duk abin da na ci tun safe. Na wanke hannu da sabulun wanki har fata ta yi ja, na kurkure baki da ruwan gishiri, ƙyamar ba ta tafi ba. A matsayina na malama na san ƙasa ta cinye komai tun tuni. Maƙogwarona bai yarda da wannan karatun ba.

Na yi niyyar tuge su duka in zubar a kwata. Da na fito, sai na tarar Mama ta ja ƙafarta mai ciwo har murhu, ta niƙa rabin kwandon, tana dama faten acca. Tun zuwanta ba ta taɓa dafa mana abinci ba. Maigidana ya dawo daga aiki, ta nuna masa kunyoyin da muciya.

"Iri ko kaza yana zubarwa," ta ce masa. "Amma dasawa da reno, wannan hannu ne. Matarka yana da hannu."

Ta zuba fate a kwanonta na kanta, ja wur da tumatir, tururi yana tashi, ta miƙo mini da hannu biyu.

"Yarinya na, zo ka ci."

Shekara uku ina jiran wannan kira. Na karɓa na zauna kusa da ita. Yawu ya cika mini baki irin na mai shirin amai, na haɗiye shi, na sa cokali. Ta tsare ni da ido tana murmushi har na ga ƙasan kwanon, sannan ta ƙara mini.

Daga ranar ba ta sake ce mini Malama ba har ta bar duniya. Ni kuma har yau, in aka sa mini ɗanyen tumatir a faranti, sai in ture shi gefe in ce yana ba ni ƙwarnafi.