Bitar da ta kwashe mini ɗalibai

A lokacin ni kaɗai ne malami a wata 'yar firamare da ke bayan Jangeru, ni ne hedimasta, ni ne mai kaɗa ƙararrawa. Rabin ɗalibaina 'ya'yan makiyaya ne, kuma duk shekara da ruwa ya sauka sai iyayen su kora shanu su haura Nijar da yaran. Na sha yawo ruga-ruga, na sha nono har ya gundure ni, kafin ardonsu ya yarda a bar yaran wurin kakanninsu a daminar wannan shekarar. Ya ce kafin su tashi zai zo da kansa ya ga abin da nake koya musu.

Ana cikin haka aka aiko wai in tafi Kaura Namoda bita a kan sabon tsarin karatu na ƙasa. Na je ofishin ilimi a Shinkafi na roƙi jami'in ya ɗaga mini, ko ya turo mai riƙe ajin. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce umarni ne daga sama, wanda bai je ba ya kuka da kansa. Tsoro ya kama ni, na danna wa makarantar kwaɗo na hau mashin, ko saƙo ban aika wa ardo ba. A Kaura kuwa, wallahi in na tuna har yau zuciyata tafasa take. An tara mu da malaman Zurmi, wani mai kwat yana haska majigi, wai yana koya mana yadda ake jawo yara makaranta. Ni za a koya wa! Na ɗaga hannu na faɗi halin da na baro, ya ce tambaya ce mai kyau, za a dawo kanta. Aka tafa, aka ci shinkafa, aka ɗauki hoto.

Da na koma, rugage wayam. Wata tsohuwa ta ce ardo ya zo ya tarar da ƙofa a garƙame, ya juya, washegari suka tashi da yaran duka. Da kaka sun dawo, amma ko ɗaya ba a sake turo mini ba.

Ban ce bita laifi ba ce. Amma ku masu tsara ta, ku ji tsoron Allah, ku riƙa tambayar malamin ƙauye yaushe zai iya barin ajinsa. Ku kuma 'yan'uwana malamai, kada tsoron ofis ya sa ku rufe makaranta ba ku sallami iyaye ba. Ni ga ni da takardar shaidar bita a akwati, yaran kuwa har yau suna bin shanu.